DAGA WANZAMI ZUWA LOKOTORO: TARIHIN SUNAYEN MASU DUBA LAFIYAR IYALI



In ciwo ya kama ɗanka da tsakar dare, sunan wa kake fara kira? Wani zai ce a taso malam. Wani zai ce a nemo wanzami. In haihuwa ce, tsofaffin gida za su ce a kira ungozoma. Wani kuma zai ce a ɗaura wa jaki amalanke, a tafi likita wajen majo tun gari bai waye ba.

Duk waɗannan sunaye muna faɗin su kullum, amma ba kowa ya san inda suka fito ba. Wasu mun gaje su daga kakanninmu. Wasu sun zo da littattafan Larabci. Wasu kuma sun shigo tare da sojan Nasara. A yau za mu bi sawun su ɗaya bayan ɗaya. Akwai amfani a cikin haka, domin kowane suna yana da iyakar aikinsa. Wanda ya san abin da ke bayan suna, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ranar da ciwo ya zo.

MASU MAGANIN DA MUKA GADA

Kafin Nasara ya zo, ƙasar Hausa ba ta rasa masu magani ba. Amma ba mutum guda ne ke yin kome ba. An raba aikin, kowa da nasa.

Boka shi ne masanin itatuwa. Ya san saiwa, ya san sassaƙe, ya san ganyen da ake jiƙawa da wanda ake turare da shi. Maɗori shi ke gyara karaya da targaɗe, ya ɗaure ƙashi da karare har ya kama. Ungozoma ita ke zama kusa da mai naƙuda, ta yanke cibi, ta kula da mai jego da jaririnta. In mutum ya ƙone, wajen maƙeri ake kai shi, tun da shi ne abokin wuta. In ƙayar kifi ta maƙale a wuya, sai a nemi masunci. Masu bori kuwa su ake nema in an ce ciwon na iska ne.

A cikin su duka, wanzami ne ya fi kusa da gida. Gidaje da yawa suna da wanzaminsu na gado. Uban wanzamin shi ya yi wa uban mai gida aski, ɗansa kuma shi zai yi wa ƴaƴan gidan. Ranar suna yana nan da zabirarsa. Shi ke yin kaciya, shi ke yin ƙaho, shi ke tsaga maruru. Ya san yaran gidan da sunansu, ya san cutar da ke bin zuriyar. Ba sai an biya shi nan take ba, ana iya sallamarsa da dami in kaka ta yi. A garuruwa da yawa wanzamai suna da shugabansu, Sarkin Aska, wanda sarkin gari ke naɗawa.

Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa. Tun da daɗewa Bahaushe ya san amfanin mai magani wanda ya san gidanka, ba baƙon da zai gan ka sau ɗaya ya manta da kai ba.

Sai dai kada mu ɓoye gaskiya. A wancan zamani ba a san ƙwayoyin cuta ba. Aska guda takan bi mutane da yawa ba a dafa ta ba. Jarirai da yawa sun mutu da sanƙarar jiki bayan an yanke masu cibi da ƙarfe mai datti, wasu kuma jini ya ƙare masu wajen cire belu.

KALMOMIN DA SUKA ZO DA LITTAFI

Da musulunci ya kafu, malamai sun zo da littattafan Larabci, a ciki har da na magani. A Larabci ilimin magani sunansa ɗibbu, mai yin sa kuma ɗabibi. Babban masanin wannan ilimi shi ne Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037. Littafinsa mai suna Alkanun an yi ɗaruruwan shekaru ana karanta shi a ƙasashen musulmi da na Turai. A kusa da mu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na Sakkwato, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani.

Kalmar ɗibbu ta shiga bakin Hausawa, ta zama tsibbu. Amma a hanya ma'anarta ta karkata. Yau in an ce malamin tsibbu, ana nufin mai laya da rubutun sha da duba. Kun ga yadda kalma kan bar gidansu da ma'ana ɗaya, ta iso wani gari da wata.

LIKITA DA LOKOTORO

Waɗannan kalmomi biyu ƴan uwan juna ne, kakansu ɗaya. A tsohon harshen Rumawa, wato Latin, akwai kalmar doktor. Ma'anarta ta farko ita ce mai koyarwa, wato malami. A Turai ana ba da wannan suna ga wanda ya kai ƙarshen karatu a babbar makaranta, ko karatun addini ne, ko na shari'a, ko na magani. Sannu a hankali talakawa suka riƙa kiran mai magani da sunan, har ya bi shi. Shi ya sa har yanzu za ka ji ana ce wa wani dakta, alhali bai taɓa riƙe allura ba. Shi doktan karatu ne.

Kalmar ta iso ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ta kudu Ingilishi suka kawo ta, bakin mutane ya juya ta, ta zama likita. Ta wajenmu Faransawa suka kawo ta. Su kuma in za su faɗi suna, sukan sa wata ƴar kalma a gabansa. Kakanninmu suka ji ƴar kalmar da sunan a haɗe, suka ce lokotoro. Haka ya faru da makarantar boko, wadda muke kira lokol.

Ga wani abin lura. A Nijeriya likita mutum ne, gidan da yake aiki kuma asibiti, ita ma kalmar Ingilishi ce. A nan Nijar kuwa, sau da yawa in mutum ya ce ya tafi likita, gidan yake nufi, mutumin kuma lokotoro. Wanda ya je cin rani Kano ko Katsina ya san wannan bambanci.

SU MA TURAWA DA WANZAMI SUKA FARA

Tun da kalmomin daga Turai suka zo, bari mu leƙa can mu ga yadda abin yake a gidansu. Wani zai yi zaton tun farkon duniya Bature yake da lokotoro mai farar riga. Ba haka ba ne.

A Ingila ta dā, masu magani iri uku ne. Na farko shi ne mai karatun babbar makaranta. Shi na sarakuna da attajirai ne, yana duba mara lafiya, ya rubuta magani, ya karɓi kuɗi mai yawa. Na biyu shi ne mai aikin wuƙa. Wannan wanzami ne sosai: yana aski, yana cire haƙori, yana tsaga ƙurji, yana fitar da jini. A shekarar 1540 aka haɗa wanzamai da masu fiɗa na birnin Landan a cikin ƙungiya guda. Sai a 1745 suka rabu. Har yanzu a ƙofar wasu masu aski na can akwai sanda mai zanen ja da fari. Jan yana tuna jini, farin yana tuna ƙyallen ɗaure rauni.

Na uku shi ne mai kantin magani, wanda ke daka itatuwa yana haɗawa. Talaka ba ya da kuɗin babban likita, don haka wajen mai kanti yake zuwa. Mai kanti ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya ba shi magani, in ciwon ya yi tsanani ya bi shi har gida. Da abin ya yawaita, a 1815 hukuma ta yi doka: ba mai yin wannan aiki sai ya yi shekara 5 yana koyo a hannun gwani, kuma ya ci jarrabawa. A wannan zamani ne wani sabon suna ya bazu, mai ma'anar likitan da ke duba kowace irin cuta. Ingilishi sun gajarta sunan zuwa haruffa biyu, G da P, suna cewa ji-pi. A 1948 Ingila ta kafa tsarin lafiya na ƙasa. Kowane mutum yana rubuta sunansa wajen ji-pi guda na unguwarsu, ya je a duba shi ba tare da ya biya a wurin ba.

A Rasha ma akwai mai maganin ƙauye da ake kira felsha. Kalmar Jamusanci ce, asalinta wanzamin fagen yaƙi, wanda ke bin sojoji yana aski yana ɗaure masu rauni.

A Faransa, a shekarar 1803, zamanin Napoleyon, doka ta raba masu magani kashi biyu. Akwai dokta mai dogon karatu. Akwai kuma wani mai gajeren karatu, ana kiransa jami'in lafiya, wanda aka tanada domin ƙauyuka. Ba shi da izinin aiki a wajen jaharsa, kuma ba ya yin babbar fiɗa sai dokta yana tsaye. A 1892 aka soke wannan matsayi, aka ce baƙauye da ɗan birni duk likita iri ɗaya ya kamace su.

ZAMANIN MULKIN MALLAKA

Sojan Faransa sun kama Damagaram a 1899. Likitocin farko da suka zo ƙasarmu sojoji ne, kuma lafiyar sojoji da ta ma'aikatan kumandan suka zo dubawa. A barikin soja akwai muƙamin da ake kira majo, ana ba da shi ga wasu likitoci da kuma shugaban masu jinya. Daga bariki kalmar ta fito, ta shiga gari. Har yau ma'aikacin jinya da ke riƙe da likitar ƙauye, majo muke ce masa, ko da bai taɓa sa kakin soja ba.

A 1905 gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa ya kafa ma'aikatar duba lafiyar mutanen ƙasa. Amma likitocin Nasara kaɗan ne, ƙasa kuma tana da faɗi. Saboda haka a 1918 aka buɗe makarantar koyon aikin likita a Dakar, domin ƴaƴan Afirka. Suna yin shekara 4 suna karatu. In sun fito, ba a kiransu dokta. Da farko an ce da su mataimakan likita, daga baya aka ce likitocin Afirka. Albashinsu bai kai na Bature ba, kuma takardarsu ba ta aiki a Faransa. Ku duba lissafi: shekara 26 bayan Faransa ta soke likita mai gajeren karatu a gidanta, sai ta kafa irinsa a ƙasashenmu.

Duk da haka mutanen nan sun yi aiki mai yawa. Su ne suka zauna a garuruwan da Bature ba ya zama. Sun ji harshen mutane, sun karɓi haihuwa, sun yi fiɗa da fitilar hannu. Talakawa ba su damu da abin da aka rubuta a takardarsu ba, lokotoro suke kiransu. Ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar shi ne Feliks Hufuwet Buwanyi, wanda ya gama a 1925, daga baya ya zama shugaban ƙasar Kodibuwa.

Akwai kuma ma'aikatan yawo, masu bin ƙauyuka suna neman cututtukan annoba, kamar ciwon barci da kuturta da sanƙarau. Su ne ke tara jama'a a gindin itace su yi masu lamba a dantse saboda agana. Tsofaffi da yawa suna ɗauke da tabon har yanzu. A wasu wurare mutane sun riƙa gudu daji in sun ji masu lamba sun iso, domin da dogarai ake zuwa, ba da lallashi ba. Amma lamba ta yi aikinta. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa agana ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ƴan mishan ma sun buɗe nasu wuraren, kamar asibitin Galmi, wanda ya fara aiki a 1950.

YADDA AKA SAMU SUNAN LIKITAN IYALI

A lokacin da ƙasashenmu ke neman likita ko da guda ɗaya, ƙasashen masu arziki sun shiga wata matsala dabam. Ilimin magani ya yi yawa, har kan mutum guda ba ya iya ɗaukarsa. Sai likitoci suka rarraba jikin ɗan Adam. Wannan ya ɗauki ido, wancan ya ɗauki zuciya, wani ƙashi, wani yara, wani ciwon mata. Irin wannan shi ake kira ƙwararre, a Faransanci ispesiyalis. Wanda bai ware fanni guda ba, yana duba kowa da kome, shi ne janaralis.

Ƙwararru sun fi samun kuɗi da girma, don haka samari suka riƙa gudun zama janaralis. Mara lafiya ya zama yana yawo daga ƙofa zuwa ƙofa. Kowane ƙwararre ya san gaɓa guda ta jikinsa, amma ba wanda ya san shi kansa. Wannan ya ba shi ƙwaya, wancan ya ba shi wata, ba wanda ya san abin da ɗan uwansa ya bayar.

Da aka ga ɓarnar, sai aka koma neman abin da aka yar. A Amurka, a 1969, aka mai da duba lafiyar iyali fanni mai zaman kansa, da karatunsa da jarrabawarsa. Mai wannan fanni shi ne likitan iyali. Yana duba jariri da uwarsa da kakansa, shekara da shekaru. A 1972 likitocin iyali na ƙasashe da yawa suka kafa ƙungiyarsu ta duniya. A Faransa, dokar 2004 ta nemi duk wanda ya kai shekara 16 ya zaɓi likita guda ya zama nasa. Wajensa zai fara zuwa, shi kuma ya tura shi wajen ƙwararre in akwai bukata.

To, jama'a, kun tuna da wanzamin gida? Abin da waɗannan ƙasashe suka koma nema ke nan: mutum guda wanda ya san gidanka. Bambancin shi ne, na yanzu yana da ilimin da wanzami bai samu ba.

SEKURIS DA MATRON

Mu komo gida. Da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, likitocinta ƙalilan ne ƙwarai, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Baƙauye yakan yi tafiyar yini kafin ya ga majo. Ba a iya jira sai an horar da likita ga kowane gari.

A farkon shekarun 1960, a jahar Maraɗi, ma'aikatan lafiya da na animasiyo suka gwada wata dabara. Suka ce wa mutanen gari su zauna su zaɓi mutanensu da suka amince da su. Namijin da aka zaɓa ana kai shi likita ya yi kwanaki yana koyo. Ya koyi wanke gyambo, da ɗiga maganin ciwon ido, da ba da ƙwayar masassara, da gane ciwon da ya fi ƙarfinsa. Ya komo da akwatin magani. Sunansa sekuris, ma'anarsa mai kai agaji. Ungozomar gari ita ma ana koya mata wanke hannu da sabulu, da yanke cibi da sabuwar reza, da gane naƙudar da za a gaggauta kai wa likita. Ita ce matron. Ba su da albashi. Manoma ne kamar kowa, da safe suna duba marasa lafiya, sannan su ɗauki hauya. Daga Maraɗi dabarar ta bazu zuwa sauran jahohi.

A can ƙasar Sin ma, a cikin waɗannan shekaru, an yi irin haka, amma da yawa ƙwarai. An ɗauki manoma aka koya masu aikin magani na ƴan watanni. Tun da a cikin ruwan gonar shinkafa suke aiki ba takalmi, sai aka sa masu suna likitoci marasa takalmi. Sunan ya shahara daga 1968, kuma yawansu ya wuce miliyan ɗaya. A 1985 hukumar Sin ta soke sunan. Wanda ya ci jarrabawa aka kira shi likitan ƙauye.

A watan Satumba na 1978, wakilan ƙasashe 134 suka taru a birnin Alma-Ata, a cikin Tarayyar Sobiyet ta lokacin. Birnin yanzu sunansa Almati, a ƙasar Kazakistan. A wannan taro aka ɗaukaka wata sabuwar magana: kiwon lafiya matakin farko. Ma'anarta, a kawo lafiya kusa da inda mutane ke zaune suna aiki. A cikinta akwai ruwa mai tsabta, da abinci, da rigakafi, da kula da mata masu ciki da yara, da maganin cututtukan yau da kullum. Aka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000.

Shekarar 2000 ta zo ta wuce, alkawarin bai cika ba. A garuruwa da yawa akwatin sekuris ya bushe, ba kuɗin sake cika shi. Mutumin da ba a biyansa, in yunwa ta zo, dole ya tafi cin rani. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka shawarta mutane su riƙa biyan wani abu na kuɗin magani, kwamitin gari kuma ya riƙe asusun. Wannan ya sa magani ya samu a wurare da dama, amma ya kori wasu matalauta daga ƙofar likita. A 2006 gwamnatin Nijar ta yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A 2018 ƙasashen duniya suka sake taruwa a Astana, suka sabunta alkawarin Alma-Ata.

WA KE WA A LIKITA

Yanzu bari mu jera sunayen kamar matakalar tsani, daga ƙasa zuwa sama.

A cikin gari akwai ɗan sa kai da ake kira rele, magajin sekuris. Horonsa gajere ne. Yana faɗakarwa, yana taimakawa wajen rigakafi, a wasu wurare kuma yana ba yara maganin masassara da na zawo.

Sama da shi akwai ƙaramar likita da ake kira kaz da sante. An gina su da yawa daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu.

Sama da ita akwai likitar da ake kira CSI. A nan za ka samu majo, wanda ya yi shekaru yana karatun jinya. A wurare da yawa akwai ungozomar likita, wato saj-fam, wadda ita ma ta yi karatu mai tsawo. Ita ke yin awon ciki da karɓar haihuwa.

Sannan akwai asibitin gunduma, inda lokotoro janaralis yake. Shi ya yi shekara 7 ko fiye a jami'a bayan ya gama lise. Tun 1974 ake horar da irinsu a jami'ar Yamai, ba sai an je Dakar ba. A ƙarshen tsani akwai manyan asibitoci, inda ƙwararru suke.

Ga yawancin mutanen karkara, majo da saj-fam su ne ke yin aikin da likitan iyali ke yi a wasu ƙasashe. Wajensu ake fara zuwa. In majo ya ce ciwon ya fi ƙarfinsa, ya rubuta takarda a tafi gaba, wannan ba kasawa ba ce, aikinsa ke nan. Kada a koma gida da takardar a aljihu ana cewa bari a ga gobe.

SUNAN ARO

Akwai wanda ba ya cikin tsanin nan, amma ya ari sunan. Shi ne mai yawo da tire ko jaka cike da ƙwayoyi ranar kasuwa. Mutane suna ce masa dakta, shi kuma yana amsawa. Bai yi karatun magani ko na yini ɗaya ba. Da launi yake gane ƙwaya, wannan ja da rawaya, wancan fara. Rana ta dake su, ƙura ta bi su, wasu lokacinsu ya wuce, wasu ma jabu ne. Akwai kuma mai yin allura a ɓoye a bayan rumfa. Allurar da aka yi a inda bai kamata ba tana iya shanye ƙafar yaro har abada. Allurar da ta bi mutum biyu tana iya ɗaukar cuta daga wannan ta kai wa wancan.

Ko maganin kirki ma zamaninsa yakan wuce. Nibakin da sekuris ke bayarwa dā, an bar shi, domin ya daina kashe ƙwayar masassarar cizon sauro. Majo ya san haka, domin ana kiransa a ƙara masa ilimi. Mai tire ba wanda ke gaya masa.

Tun 1815 Ingila ta ce mai kantin magani sai ya koya ya ci jarrabawa kafin ya taɓa mara lafiya. Mu ma hakkinmu ne mu tambaya. In an ce maka wane dakta ne, ka ce: a ina ya yi karatu, kuma wace likita yake aiki?

ABIN DA ZA MU RIƘE

Ƴan uwa, ba kowane gari ne ke da lokotoro ba. Amma kowane mai gida yana iya yin abubuwa uku.

Na ɗaya, ya riƙe likita guda mafi kusa da shi, ya riƙa kai iyalinsa can, har majo ya san su da fuska da suna.

Na biyu, ya adana karnen awo da na rigakafi a cikin leda, inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba. Ana canza wa majo wurin aiki, amma karne yana nan. Shi zai gaya wa sabon majo abin da tsohon ya sani. Yanzu da kuka iya karatu, ku duba ranar da aka rubuta a komo, kada ta wuce ku.

Na uku, ya faɗi gaskiya. In an sha jiƙon boka, ko an sayi ƙwaya a kasuwa, ko wanzami ya yi tsaga, a gaya wa majo tun farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Daga ƙarshe, in kun zauna hira da dare, ku tambayi tsofaffin garinku. Wa ya fara zama sekuris a nan? Wace ce matron ta farko? Da wane suna ake kiran masu magani kafin a gina likita? Ku rubuta amsar a littafinku, domin ƴaƴanku su same ta.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.